Rabin Keken da Malam Ya Bari

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowannenmu zai koma.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, ina kan keken ɗinki wayata ta yi ƙara. Da na ga 'yata Auta ce sai na san ba lafiya ba, don ba ta kirana a lokacin aiki. Na ɗaga, ta ce, "Umma, Malam ya rasu." Malam, an ce ka shirya tsaf za ka fito, ka ce wa maiɗakinka ƙirjinka ya yi nauyi, ka zauna ka ɗan huta. Kafin a isa asibiti da kai rai ya yi halinsa.

Ni ba 'yar'uwarka ba ce, ba kuma ma'aikaciyarku ba. Tela ce ni, uwar yarinyar da ka ɗauka a ɗakin zane na kamfaninku, inda ake ƙera gadajen asibiti da kekunan marasa lafiya. Sau biyu muka zauna da kai, sau ɗaya muka yi waya. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka masu dogon karatu su za su rubuta tarihinka. Ni abin da na gani zan faɗa, da kuma abin da ya faru bayan tafiyarka, wanda na so a ce kana nan ka gani.

Auta ta yi shekara biyu a gida bayan ta gama makaranta, tana rubuta takardun neman aiki ba amsa. Na ga yadda zaman ya mayar da ita: ta daina fita, ta daina dariya, in ƙawayenta sun zo sai ta ce a ce ba ta nan. Ranar da kuka ɗauke ta gwajin wata shida, na yi murna na kuma shiga fargaba, domin na san in aka sallame ta, ɗakin nan za ta koma ta rufe ƙofa, kuma ban san ko zan iya sake fito da ita ba. Ga shi ban fahimci aikin ba. In na tambaye ta me ta yi yau, sai ta ce ta zana rabin gado. Kullum rabi. Na ce a raina, wane irin kamfani ne wannan da ba a gama abu?

A wata na biyu ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Da ƙyar na ji daga bakinta cewa an huda shingen gefen gado guda ashirin bisa zanenta, an zo ɗaura sakata ta ƙi shiga ko ɗaya, kuma manaja ya ce ta kwashe kayanta. Washegari ban gaya mata ba, na sa mayafina mai kyau na bi bayanta.

Ɗakinku yana sama, bisa inda ake walda, in an kunna injin yanka ƙarfe har a tafin ƙafa mutum yake jin sa. Tebur uku ne da fanka mai gunji. Naka teburin cike yake da guntayen ƙarfe, karyayyun sakatu, da wani kofi marar hannu da ka cika da fensira. Tabaranka na rataye a wuya da igiya. Na zo da jawabin roƙo da na yi ta maimaitawa a mota, amma ban samu na fara ba. Ka tashi ka ba ni kujerarka, ka ce, "Maman Auta, wace sana'a kike yi?"

Na ce ɗinki.

Ka ce, "Alhamdu lillahi. To ai ke za ki fi ta gane abin da ta yi."

Ka juyo mini da allon kwamfuta. Ga gado nan an tsaga shi biyu daga kai zuwa ƙafa, ɓangaren dama ne kaɗai, da wani layi mai ɗigo-ɗigo a inda aka tsaga. Ka ce shi ne layin tsakiya. Ka danna wani abu, sai ga ɓangaren hagu ya fito kamar an ajiye madubi a kan layin. Na ja da baya na ce a'uzu billahi, ka yi dariya har da tari. Auta kuwa ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse.

Sannan ka tambaye ni yadda nake yanka hannun riga. Na ce ninka yadi nake, fuska ta kalli fuska, in yanka sau ɗaya, in samu na dama da na hagu. Ka ce in aka manta aka yanka ɗaya bayan ɗaya a fuska guda fa? Na ce hannun dama biyu za a samu, kuma ya taɓa faruwa da ni ina koyo, uwarɗakina ta miƙo mini rigar ta ce in shiga gari in nemo mai hannun dama biyu. Ka ce to wannan madubin ninkin yadi ne, ba wani abu ba.

"Zif fa?" ka ce. "Shi ma ninkawa kike ki yanka?"

Na ce a'a, zif ai saye ake.

"Sakatar nan ma saye muke. Iri ɗaya ce ake sayarwa, harshenta dama yake fita. Yarinyar nan ta ce wa kwamfuta ta juya komai, ita kuwa kwamfuta ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Ta juya sakatar ta zana mata wadda babu irinta a duniya, ta zauna daram a allo. Aka huda ƙarfe saboda sakatar da ba a ƙera ba."

Malam, a nan na manta abin da ya kawo ni. Tambaya ce ta yi ta fito mini, kai kuma ba ka gaji ba. Ka ce kafin mutum ya danna madubin nan sai ya raba kayan gida uku. Akwai masu hagu da dama kamar takalmi, su ake juyawa. Akwai waɗanda ake ɗauka yadda suke a kai ɗaya gefen, kamar noti da taya da duk abin da aka sayo. Akwai kuma waɗanda suke zaune kan layin tsakiya, su ɗaya ne tak, in aka juya su sai a samu biyu a cikin juna, ido ba ya gani, sai an zo lissafin kaya. Ka nuna mini noti da aka juya, ka ce shi in ana ɗaure shi kwancewa zai yi. Na ce in an gyara dama, sai a koma a gyara hagu? Ka ja sandar dama ta ƙara tsawo, ta hagu ta bi ta da kanta. Na ce ikon Allah, ana iya raba su kuwa? Ka ce ana iya tsinke igiyar da ke tsakaninsu, amma duk wanda ya tsinke sai ya rubuta dalili, don mai zuwa bayansa zai ɗauka kuskure ne.

Na fita daga ɗakin ban roƙe ka komai ba. Daga baya wani mai walda ya gaya mini abin da ka yi. Ka shiga wurin manaja ka ce kai ka duba zanen ka sa hannu, don haka in za a kori mai laifi a fara da mai furfura. Ka naɗe hannun riga ka sauka ƙasa kai da Auta, aka cike hudojin aka sake wasu. Manaja ya yarda ta ƙarasa wata shidanta, ya ce a ƙarshe abin da ka faɗa a kanta shi za a yi.

Ashe a bayan idonka Layin Tsakiya suke kiranka, saboda duk wanda ya kawo maka zane, kafin ka amsa gaisuwa za ka ce, "Ina layin tsakiyarka?" Auta ta ce ka sani, har ka taɓa ɗaga wayar ofis ka ce Layin Tsakiya ne ke magana. Ta ce duk da kwamfuta, ba ka barin zane ya sauka ƙasa sai an buga dama da hagu a takarda, an haɗa su baya da baya, an ɗaga a taga. Inda layi ya rabu, rana za ta tona. Ta ce ba ka taɓa ɗaga wa wani murya ba, sai dai ka ce, "Zo ka gaya mini abin da wannan hudar take yi," kuma gara a zagi mutum da ya tsaya gabanka ba amsa.

Wayar da muka yi, laifina ne. Ran nan na kira Auta sau bakwai kafin azahar, don na ji a rediyo injin wani wuri ya ji wa ma'aikaci rauni. A na bakwai kai ka ɗaga. Ka ce, "Maman Auta, na ƙirga yatsunta yanzun nan, goma ne cif. In sun ragu ni zan kira ki." Na ji kunya, amma na yi dariya ni kaɗai a shago.

Zamanmu na biyu a shagona ne. Ka kawo riga a rage maka. Ina ɗora tef na ce kafaɗarka ta dama ta fi ta hagu sauka, zan ɗan ɗaga ta. Ka tsaya kana kallona kamar na faɗi wani babban abu. Ka ce kowa haka yake? Na ce shekara ashirin da biyar ina awo, ban taɓa samun mutumin da ɓangarensa biyu suka zo daidai ba. Wani hannu ya fi tsawo, wani ƙugu ya karkace saboda goyo. Ninki yana ba ka farko ne kawai, sauran sai ka ga mai rigar. Ka ciro ɗan littafi daga aljihu ka rubuta. Ni da na saba ganin masu ilimi suna faɗa ina rubutawa da ƙyar, ran nan mai ilimi ya rubuta maganata.

Ka rasu saura kwana goma sha biyu wata shidan ya cika. Zan faɗi abin da nake jin kunyarsa: ina kuka saboda kai, wani gefen zuciyata yana tambaya, yanzu wa zai yi magana a kan yarinyar nan? Allah ya yafe mini.

Manaja ba mugu ba ne, mutum ne da shingen gado ashirin ba su bar ransa ba. Ya kira Auta ya ce aikinka na ƙarshe yana cikin kwamfuta, keken marar lafiya ne guda ɗaya, an rubuta "na musamman", ba sunan mai shi. Ka zana ɓangaren dama ka tsaya. Ya ce ta ƙarasa. In an haɗa keken ba tare da an ɗauko injin huda ko guduma ba, ta zauna. In ba haka ba, kowa ya yi haƙuri.

Kwana biyu ta gama. Ta raba kayan gida uku yadda ka koya mata, ta ɗaga takarda a taga, komai ya hau. Amma ta dawo gida da takardar ta shimfiɗa a kan teburin yankana. Hannun birkin da ka zana ya fi na sauran kekunanku tsawo da kusan taƙi guda, kuma a ƙasansa akwai wata huda da ba abin da ya shiga cikinta. Babban abokin aikinta ya ce ragowar wani tsohon zane ne, ta goge. Mai walda ya ce ta juya ta hagu ma, huda ba ta cin abinci. Muka yi ta juya takardar ni da ita. Na ce ko wurin rataya jaka ne? Ta ce jaka ba ta buƙatar ƙarfe mai wannan kauri. Na ce ko hannunka ne ya zame? Ta dube ni ta ce, "Umma, Malam fa."

Gaskiya ni ma abin ya tsaya mini a rai, har ina ɗinki ina tunanin hudar nan. Amma tsoro ya fi ƙarfina. Na ce mata ta yi yadda kowa yake yi, hannu biyu iri ɗaya, ta miƙa ranar Juma'a a wuce wurin. Ta ƙi. Muka yi faɗa, na ce mata taurin kai ne irin na ubanta, ta ce ta ji, ta gode.

Ranar Asabar muka je gidanka gaisuwa. A ƙofar gida muka tarar da wani dattijo a kujerar roba, yana amsa gaisuwar maza da hannun dama, na hagun yana kwance a cinyarsa ba motsi. Kamanninku ɗaya. A ciki maiɗakinka ta ce yayanka ne, shanyewar ɓarin jiki ta same shi bara. Ta ce an aro masa keke, wata rana aka bar shi a ƙofar gida inda ƙasa ta ɗan gangara, ya ja birkin dama, na hagu hannunsa bai kai ba, keken ya juya da shi ya kifar. Tun ran nan ya ƙi sake hawa, kuma ba ya son a tsaya a kansa ana riƙe shi kamar jariri. Ta ce ka yi masa alkawarin za ka ƙera masa wanda zai tsayar da kansa, ka ce kada a gaya wa kowa a wurin aiki sai ka gama, don ba ka son a yi maka alfarma. Tana faɗa tana share hawaye, ta ce ga shi alkawarin ya tafi da kai.

Auta ta matse mini hannu har sai da na ji zafi. Da muka fito ta durƙusa gaban yayanka ta ce, "Baba, ka yarda in auna hannunka?" Ba ta zo da abin awo ba, amma tela ba ta fita ba tef a jaka. Ni na auna, ita ta rubuta. Yayanka ya ce, "Riga za ku ɗinka mini ko me?" Auta ta ce keke. Ya juyar da fuska.

A mota ta yi mini bayani. Hudar wurin shigar sanda ce da za ta ratsa ƙarƙashin wurin zama ta kama tayar hagu. Tsawon hannun kuwa don ƙarfin hannu ɗaya ya isa ya danne taya biyu. Ke nan hagu ba za ta samu hannun birki ba sam. Ta koma ranar Litinin ta tsinke igiyar da ke tsakanin dama da hagu a wurin birki kaɗai, ta zana sandar, ta rubuta dalili a gefen zanen. Na ce ta je ta faɗa wa manaja tun yanzu. Ta ce in ta faɗa zai tausaya saboda kai ya ce ta zauna, ita kuwa so take keken ya yi magana. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

Ranar Juma'a aka haɗa shi. Na rufe shago na je na tsaya can gefe kusa da ƙofar da ake lodin kaya. Kowane ƙarfe ya shiga wurinsa, ba wanda ya taɓa guduma. Manaja ya zagaya keken sau ɗaya, ya tsaya a hagu, fuskarsa ta canja.

"Ina hannun birkin nan? Kin sake kuskure ke nan?"

Auta ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mantuwa ba ce. A ɗan jira mai shi."

Babban ɗanka ne ya kawo yayanka a mota. Aka ɗaga shi aka zaunar, aka tura keken zuwa kan gangaren da ake saukar da gadaje. Ɗanka ya ƙi sakin keken sai da dattijon ya daka masa tsawa. Ya saki. Keken ya fara silalewa, na rufe ido na buɗe, yayanka ya kama hannun birkin ya ja. Taya biyu suka tsaya lokaci ɗaya, keken bai karkata ko'ina ba.

Manaja ya zo ya dafa bayan keken ya tura. Bai motsa ba. Yayanka ya ce, "Tura da ƙarfi mana, yaro, ko ba ka karya ba ne?" Masu walda suka fashe da dariya, wasu suna dariyar suna goge ido. Manaja ya tsuguna da farin wandonsa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe yana kallon sandar. Ya ce wa ya gaya mata ta yi haka. Ta ce ba wanda ya gaya mata, huda ta gani ta ƙi gogewa sai ta san aikinta. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "Litinin ki zo da hotonki guda biyu a yi miki katin aiki."

Malam, ba ka samu ka faɗi maganar da aka ce za ka faɗa a kanta ba, amma an ji ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta karɓe mu hannu biyu alhali ba ta san mu ba, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan aikinka na sama da na ƙasa, da manajan da na zarga a raina ba hakki. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ina kuma yi wa yayanka ta'aziyya ta musamman. Ya ce a gaya wa duk mai zuwa gaisuwa zai same shi a ƙofar gida, shi kaɗai, ba mai riƙe masa keke.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa. Ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya rufa wa 'yar wani asiri a ranar kuskurenta. Ka yalwata masa kabari, Ka haskaka shi, Ka sa duk marar lafiyar da ya kwanta a gadon da ya zana ko ya zauna a kekensa ya zama lada mai gudana a gare shi. Ka shirya masa zuriya, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.